Ni da H. Lawal a Teburin Kwamiti

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a ofishinmu ba. Har yanzu in na tuna ta ina cin abinci, sai in ajiye cokali.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhajar kwamfuta, can wajen Kurmin Mashi. Mun yi tallan ɗaukar ma'aikata biyu, takardu suka taru, na maza da na mata. Ogammu, Alhaji Sabo, ya sa ni a kwamitin tantancewa tare da abokina Bashir, ya kuma gayyato wata mata daga waje ta taya mu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ga Hajiya Hadiza." Ta zauna a ƙarshen teburi da tabarau da mayafi ruwan toka, ba ta da yawan magana. Ni dai na ɗauka daga wata ma'aikatar gwamnati aka turo ta don ta sa hannu ta tafi.

Da aka baza takardu, sai na fara ware na matan gefe guda. Oga ya tambaye ni dalili. Na gyara zama (a lokacin ji nake ni wani masani ne), na ce, "Ranka ya daɗe, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rubuta manhaja ba aikin mata ba ne. Ba raini ba, halitta ce. Ƙwaƙwalwarsu ba ta jure irin wannan zurfin tunanin."

Bashir ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin teburi. "Malam, rufe bakinka," ya ce a hankali. "Irin wannan maganar a wasu wuraren korar mutum take sa a yi."

"Kora a kan me?" na ɗaga murya. "Ina 'yancin faɗin albarkacin baki? Don ina cin albashi sai a ɗinke min baki?"

"'Yancinka daban, abincin mutane daban," in ji Bashir. "Takardun 'ya'yan wasu ne a hannunka."

Oga ya ɗaga hannu. "Bar shi ya ƙarasa."

Wayyo, da ma bai bar ni ba. Akwai wata manhaja da kamfaninmu ke tinƙaho da ita, wadda ƙananan asibitoci ke adana bayanan marasa lafiya a ciki. An rubuta ta tun kafin in zo, kuma a saman kowane shafi akwai sunan H. Lawal. Shekara uku ina koyon aiki daga rubutun mutumin nan. A raina har kamanni na yi masa: Haruna ne ko Hamisu, dogo, mai furfura a gemu. Sai na jawo kwamfutata, na buɗe, na juya musu ita.

"Ku dubi wannan aikin! Wannan shi ne tunanin namiji. A nuna min mace ɗaya a garin Kaduna da za ta yi rabin abin da H. Lawal ya yi, ni kuma in ajiye aiki yau."

Oga ya sunkuyar da kai yana murza goshi. Hajiya Hadiza ta matso da kwamfutar gabanta, ta ɗan duba, ta ce, "Ashe har yanzu ba ku gyara wannan layin ba. Ina goyon 'yata Ummi na rubuta shi, a gurguje."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Har cewa na yi, "Hajiya, kin san shi ne?"

"Hadiza Lawal," ta ce. "Ni ce."

Innalillahi! Gumi ya keto min, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu da aiki." (Sannu da aiki fa! A duk kalmomin Hausa.) Bashir ya fita waje da gudu, ina jiyo dariyarsa daga bakin matakala.

Oga ya ce, "To, ka ce za ka ajiye aiki. Takarda za ka rubuto ko da baki ya isa?" Ga shi kuwa watan haihuwar matata ya kama. Hajiya ce ta cece ni. Ta ce, "Alhaji, a bar shi. Gara wanda ya faɗa a fili, an san inda za a gyara. Amma a rufe sunayen da ke kan takardun nan, ya sake dubawa."

Haka aka yi. Aka liƙe sunaye, na zauna na duba gwajin rubuta manhaja da kowa ya haɗo da takardarsa, ɗaya bayan ɗaya. Biyun da na zaɓa, da aka ɓare takarda, ɗaya saurayi ne daga Rafin Guza, ɗayar kuma Maryam, wadda takardarta ce ta farko da na tura gefe da safe. Yanzu teburinta na kallon nawa, kuma sau biyu tana gano kuskure a aikina.

Na koyi cewa mutum yana da damar faɗin ra'ayinsa a wurin aiki, ba wanda ya hana ni nawa. Sai dai kafin ka yi rantsuwa da aikinka a gaban jama'a, ka fara tambayar cikakken sunan duk wanda ke zaune a teburin.