Fitilar da Ta Shanye Kwalbar Mai

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a zauren gidanmu a Dakoro ina koya wa mahaifina aikin itace. Shi masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Ni kuwa watana bakwai da shiga makarantar koyon sana'a a Maradi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma mu 'yan lakwal, wato 'yan boko, mun ɗauka cewa duk abin da aka yi kafin mu zo gwaji ne kawai. Baba bai so tafiyata ba. Ya so in gaji gizagonsa, in ci gaba da sassaƙa turmi da akushi. Bai hana ni ba, amma ranar da zan hau mota bai ce mini komai ba sai "Allah shi kiyaye." Abin da nake nema ɗaya ne: ya faɗa a gaban mutane cewa tafiyar ba asara ba ce.

A makarantar akwai injin juya itace, wanda ake takawa da ƙafa. Ranar da na fara ganinsa yana aiki, na tsaya ina kallo. Mushe, malaminmu, ya ɗaure guntun itace mai ƙusurwa, ya taka, ya kanga ƙarfe, sai ɓawo ya riƙa tashi kamar zare, kafin ka ƙifta ido abu ya zama kewayayye sumul. Nan take na ƙudurta zan yi wa Baba fitilar man gyaɗa.

Na samo reshen gawo da iska ta karya a bayan aji (na zaɓe shi ne don fari ne kuma ba ya wahalar da hannu, wannan shi ne iyakar binciken da na yi). Na ɗaure shi ta tsakiyarsa, na fitar da gindi mai faɗi, da wuya mai zobba uku, da ƙoƙon zuba mai a sama. Mushe ya ce in sa gwangwani a cikin ƙoƙon. Na sa ɗan ƙarfe a baki inda lagwani zai kwanta, amma gwangwani na ga zai ɓata kyau, ban sa ba. Na shafe bayanta da man ƙyalli har ina ganin haƙorana a jiki.

Washegarin babbar salla zaurenmu ya cika. A cikin baƙin akwai Baffa Nomau, yayan Baba, wanda ya zo daga Birnin Lalle cikin farar riga sabuwa fil. Tun safe yake gaya wa kowa cewa daga Najeriya aka kawo yadin. Na jira aka fara cin nama, sannan na kwance ƙunshina.

Aka riƙa miƙa fitilar hannu zuwa hannu ana salati. Da ta iso wurin Baba, bai kalli zobban ba. Ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya gindin, ya danna farce a tsakiya.

"Gawo ne," in ji shi.

"Gawo ne, Baba."

"Ka zuba mata mai, can?"

"Ai sabuwa ce. Kai za ka fara."

"To, a aje ta tukuna."

Da ina da hankali da na ajiye. Sai na gyara tsayuwa na yi jawabi. Na bayyana cewa abin da gizago ke yi a mako, inji na gama shi kafin azahar. Na ce ido yana kuskure, inji ba ya yi. (Na faɗi wannan ne a ɗakin da kowane akushi da ake cin nama a ciki hannun Baba ne ya fitar da shi.) Na sauke asabarin ƙofa don wuri ya yi duhu, na karɓo kwalbar mai wurin Inna, na cika ƙoƙon, na kunna. Na ajiye ta a tabarma kusa da babban baƙo, wato Baffa Nomau.

Ta kama da kyau. Aka ci gaba da hira. Jim kaɗan na leƙa na ga man ya yi ƙasa, na ƙara. Can kuma na sake ƙarawa.

"Kai ɗan lakwal," in ji Baffa, "fitilar nan taka raƙumi ce?"

"Haka na zamani suke, Baffa. Farko sai sun sha."

Kwalba ta kusa ƙarewa aka kira la'asar. Baffa ya dafa ƙasa zai tashi, hannunsa ya zame. Aka ɗaga asabari. Man da na yi ta zubawa ya bi ta ƙarƙashin fitila, ya bi saƙar tabarma, ya shige rigar Najeriya tun daga gefe har mazaunai. Ya ɗaga rigar yana kallo, mai na ɗiga.

"Audu," ya ce wa Baba, "ɗanka ya soya ni."

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo daga cikin gida. Ni dai na tsaya riƙe da kwalba.

Baba bai yi dariya ba. Ya kashe wutar, ya goge ƙoƙon da tsumma, ya shafa ruwan wanke hannu a gindin. Sannan ya kafa baki a ƙoƙon ya busa. Wallahi da idona na ga kumfa tana tsattsafowa ta ƙasa, ƙanana ƙanana, daidai inda ya danna farce ɗazu.

"Icce hanyoyi gare shi," ya ce, "nan ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Tsakiyar reshe kuma ɓargo ce. Turmi a tsaye ake sassaƙa shi, don hatsi ba ya tsiyaya. Abin da za shi riƙe ruwa, a kwance ake fidda shi, daga gefen gungume. Kai turmi ka yi, ka zuba mashi mai."

Wata bakwai ina zana itace a takarda, ban san yana da hanyoyi ba. Shi da farce ɗaya ya gani. Sai a lokacin na kalli akussan da ke gabanmu, cike da romo tun rana, ko ɗigo babu a ƙarƙashinsu.

Da mutane suka fita alwala, ya tsaya yana bin zobban da babban yatsa, a hankali, sau da yawa.

"Wannan zagayen," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "hannuna bai iya shi. In za ka koma, akwai guntun ƙirya da na aje shekara huɗu. Ka tahi da shi. Amma ni zan nuna maka inda za ka ɗaure."

Ba a gaban mutane ya faɗa ba, kuma ban nemi ƙari ba. Kwana uku na yi ina wanke rigar Baffa da toka da sabulu, shi yana zaune a inuwa yana ba duk mai wucewa labari.

Tun daga ranar, in dattijo ya juya abin da na yi ya ce a ajiye tukuna, ajiyewa nake yi. In kuma jawabi ya ci ƙarfina, nakan fara matsawa nesa da mai farar riga.