Rasuwar Kurciya, Inhelar Malam Nata'ala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙari a karye, Malam Nata'ala mai albasa na unguwar Sabo, Ibadan, yana sanar da 'yan uwa da abokan kasuwanci na kasuwar Bodija rasuwar abokiyar zamansa, inhelarsa ta maganin asma, wadda aka fi sani da Kurciya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a tashar Ojoo, a ƙarƙashin takalmin wani ɗan tasha.

Marigayiyar ta shigo gidan ne ta hannun 'yarsa Khairunnisa, ɗalibar haɗa magunguna. Ta garin magani ce, ba ta feshi ba. Ana saka mata kafso, a huda shi, a zuƙa. Da farko Malam ya raina ta, yana cewa abin da bai kai kan albasa ba me zai yi wa ƙirjin ƙato. Sai Khairunnisa ta nuna masa a kwamfuta yadda masu ƙira suka zana tafiyar iska a cikinta: iska ta shiga ta ƙananan hudoji na gefe, ta yi guguwa, ta juya kafso, garin ya daki 'yar ragar da ke wajen baki ya warwatse, sannan ya isa huhu. Ta ce in zuƙar ta yi rauni, garin a maƙogwaro yake tsayawa. Ta hana shi toshe hudojin da yatsa, ta hana shi hura mata numfashi, domin laima na dunƙule garin.

Malam ya kiyaye. Duk safiya ya zuƙa, ta amsa masa da "kurrr", kukan kafso yana juyawa, wanda daga gare shi ta samu sunanta. Ta yi haƙuri da warin albasa, da hayaƙin okada, da daminar Ibadan mai jiƙa har ashana. Ba ta taɓa neman caji ba. Abu ɗaya take nema, a ja ta da ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, Malam ya je Ojoo tarbar motar kayansa, ya tarar ɓangarori biyu na 'yan tasha suna faɗa a kan wa ke da filin. An kunna tayoyi, kwalabe na tashi, an fasa kan wani direba jini ya wanke masa riga. Baƙin hayaƙi ya shaƙe Malam. Ya durƙusa a gindin mota, ya saka kafso, ya huda shi, ya zuƙa. Shiru. Ƙirjin ya riga ya matse, iskar da ya ja ba ta isa ta juya komai ba. Wannan ce jinyarta ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Wani ƙato riƙe da katako ya hango dattijo durƙushe yana kai wani abu baki, ga farin gari a leɓe. Ya yi ihu da Yarbanci cewa ga mai yi musu asiri. Malam na jin yaren sarai, amma babu numfashin da zai kare kansa. Katako ya sauka a kuiɓinsa, ya sake sauka, ya ji ƙashi ya ba da ƙara. Kurciya ta suɓuce. Ƙaton ya take ta, ya murje da diddige, raga gefe, murfi gefe, Malam yana kallo.

Iya Sakinat mai tuwon amala a tashar ce ta ratsa su da muciya a hannu. Jikarta na fama da irin wannan ciwo, ta gane gawar Kurciya tun daga nesa. Ta maka wa ƙaton muciya a wuyan hannu har katakon ya faɗi.

"Magani ne, ɗan banza," in ji ta. "Mutum na mutuwa kana dukansa."

Ta sa aka ɗora Malam a Keke Napep zuwa asibiti, sannan ta durƙusa ta tsince gutsattsarin, ta ƙulle a bakin zane.

Marigayiyar ta bar kafso marasa uwa a cikin kwali, da mai ita wanda likita ya ce ba zai iya zuƙa mai ƙarfi ba sai haƙarƙari ya haɗe. An kawo masa ta feshi ta riƙe wurin. Yana amfani da ita, amma har yau bai sa mata suna ba.

Liman ya ce ba a yi wa roba salla, Malam bai ja da shi ba. Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a gindin gwandar bayan gida, cikin ƙyallen bakin zanen da Iya Sakinat ta ƙullo ta a ciki. Ita za ta zuba ƙasar farko. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su shafa turare, kada kuma kowa ya rungumi mai makoki.