Ranar da na saki maruƙan surukan Nasiru

Ko zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na naɗa kaina likitan tsoro na Dutsin-Ma da kewaye ba. Makarantar da nake koyarwa ce ta tura ni wani ɗan kwas na ba ɗalibai shawara, aka ɗanɗana mana ilimin halayyar ɗan Adam, na dawo kai ya kumbura har hula ta fara matse ni. A ɗakin malamai, a teburin mai shayi, har a zaman makoki, karatuna ɗaya ne: tsoro ba gado ba ne, ba kuma iska ba ce, koyonsa ake yi. Abu ya firgita ka sau ɗaya, jikinka ya haɗa shi da azaba, ka riƙa guje mashi, gudun nan kuma shi ke ƙara mashi ƙiba. Abin da aka koya kuwa ana iya kwance shi. "Ku kawo mani mai tsoron zaki," in ji ni, "in maido maku shi yana yi mashi susa." (Babu zaki a Dutsin-Ma, shi ya sa na zaɓe shi.)

Sai ga Nasiru, ƙanin matata. Ƙato ne, in ya shigo ɗaki sai an kunna fitila, amma tun da wata saniya ta tunkuye shi yana yaro a Makera, ko amalanke ya hango sai ya canza hanya. Shi ne kuma Allah ya ɗora wa son Hajara, ɗiyar Alhaji Buba, wani dattijo makiyayi a wajen Birchi, wanda ba ka isa inda yake zama sai ka ratsa garke. Tsohon ya aiko yana so ya ga mai neman ɗiyarsa.

"Yaya, na shiga uku," in ji Nasiru. "In na zura a gaban mutanen nan, wallahi ba su ba ni ita."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannun gwani. Na fara koya mashi jan numfashi a hankali da sakin jiki. Daga nan hoton saniya a waya. Da ya daina zufa, muka koma leƙen san noman maƙwabcinmu ta saman katanga. Sannu a hankali har muka kai kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, Nasiru ya tsaya nesa, ya matso, wata rana ya miƙa hannu ya shafa tozon wani bijimi. Ya juyo yana dariya kamar an ba shi kujerar Makka. Ni kuwa duk wannan aiki ina can bakin titi bisa babur ina ba da umarni da hannu. (Likita yana bukatar wurin da zai lura da kyau. Dalilin da ya sa ban taɓa kashe injin ba kuwa, ban tambayi kaina ba.)

Ranar tafiya na zuba babbar riga mai sitaci, tunda ni ne babba, ni ne mai magana. Muka yi sammako ta Kurfi, muka isa kafin a saki shanu. Mata sun fito da ƙorai za su fara tatsa, maruƙa na jere a doguwar igiyarsu, an ɗaure su don kada su riga masu tatsa. Nasiru ya ratsa garken nan tiryan-tiryan, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Alhaji Buba. Ni na bi ta gefe, wai kada rigata ta ɓaci.

An gaisa, na zuba jawabi, har na soma ba tsohon labarin kwas. Sai ya miƙe ya ce, "Malam, kai ne babba, zo ka ga saniyar Hajara. Da ita za ta tare. Ka ɗora mata hannu ka sa albarka."

Jama'a, ban san saniya na da girma haka ba. Ja ce, ƙahonninta kamar an kafa mata itatuwa biyu. Na matsa, na miƙa hannu, hannun ya ƙi zuwa. Baiwar Allah ba ta yi mani komai ba. Juyowa kawai ta yi ta huro mani iska mai ɗumi a ciki.

Abin da na sani shi ne na ji wani yana ihu "Wayyo Inna!", daga baya na gane ni ne. Na kwasa da tumbina, na yi tuntuɓe da igiyar maruƙa, turke ya tumɓuke, na kife. Maruƙa suka ga hanya. Suka bi ta kaina, suka ja igiya da hannun rigata a ciki, kowane ya nufi uwarsa. Kafin mata su ajiye ƙorai su kama su, sun shanye nonon gidan na ranar nan kaf. Har wanda za a dama mana fura da shi.

Nasiru, majinyacina, shi ya shiga tsakiyar shanu ya taya su kamun maruƙa, sannan ya dawo ya ɗaga ni, ya ciro hulata daga inda ba zan faɗa ba. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Matan sun juya baya ne kawai, kafaɗunsu na rawa. A nan ne na gane cewa maganin yana ci sarai, sai dai ba ya kama wanda ya sha shi daga bisa babur.

Muka koma tabarma. Nasiru ya sunkuyar da kai, ni ina jin na rusa mashi aure. Alhaji Buba ya daɗe yana kallon ƙoran nan da babu komai a ciki, ya dubi Nasiru, sannan ya dube ni.

"Yaro dai mun ba shi," ya ce. "Amma ranar ɗaurin aure, don Allah a bar Malam a Dutsin-Ma. Ma aika mashi da goro."