Jan Littafin Kunnen Zinariya

Allah bai yi wa garin nan rowa ba. Ya ba shi Tauraro, marubucin waƙoƙin da duniya ke rerawa, sannan ya ba shi Ciyaman na ƙungiyar mawaƙa, wanda ya fi Tauraro sanin Tauraro. Kunnen Zinariya ake kiransa, kuma sunan ba ya da shakka, tunda shi ya raɗa wa kansa.

Ofishinsa ɗaki guda ne a saman shagon mai gyaran fanka. Akwai tebur, da makirufo ɗaya ɗaure da salatif, da hotunan Tauraro guda bakwai. A na takwas ne suka fito tare, sai dai kafaɗar Ciyaman kaɗai ta samu shiga.

Ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Aikinsa ya fi haka girma: sauraro. Mawaƙi zai ja baiti biyu, sai ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa, ya ce ba haka yarona Tauraro yake yi ba. Wanda ya gyara, ya zauna. Wanda ya nace sai ya yi tasa waƙar, sakatariya ta rubuta sunansa a jan littafi, a nuna masa matakala. Haka aka kori wata tela mai yi wa kekenta waƙa, da direban tasi, da wasu tagwaye da laifinsu kawai dariya a tsakiyar amshi.

Rannan labari ya zo cewa Tauraro zai dawo gida bayan shekara ashirin, kuma zai zaɓi mawaƙi ɗaya su yi faifai tare. Ciyaman ya hango abin da yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zaɓen ƙungiya saura wata guda, 'yan adawa sun fara ƙus-ƙus. In Tauraro ya kira shi malaminsa a bainar jama'a, kujera ta zauna ke nan. Sati uku yana horar da mutum goma sha ɗaya: yadda ake karkata hula, da yadda ake dafa ƙirji a baiti na uku.

Ranar taron ya yi jawabin minti arba'in.

"Ba na son yabon kai," in ji shi, "amma a wannan kunnen aka haifi yaron nan. Uwarsa jiki kawai ta haifa."

Aka fara. Na farko ya karkata hula, ya dafa ƙirji, Tauraro ya yi murmushi. A na biyar ya duba agogo. A na tara ya riƙe kai da hannu biyu. Ciyaman ya raɗa wa sakatariya cewa kuka ke neman ƙwace masa, yarona akwai raunin zuciya.

Da na ƙarshe ya sauka, Tauraro ya tambaya cikin ladabi ko duk garin babu mai waƙar kansa.

"Da akwai su," Ciyaman ya ce, yana gyara zaman babbar riga. "Na share su tas. Ba zan bari a ɓata maka suna ba."

"Baba Ciyaman, jan littafin nan yana nan har yanzu?"

Sakatariya ta miƙa tun kafin a ba ta izini. Tauraro ya buɗe shafin farko, ya karanta sunan da ke lamba ɗaya. Nasa ne. A gefe, da rubutun Ciyaman: ba murya, ba jin magana. Ya rufe, ya sa a hammata, ya ce da safe zai bi sunayen ciki ya saurare su, zai fara da telar nan.

Ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa, amma ta Ciyaman fatar jaki ce. Nan take Ciyaman ya miƙe ya ce ai ga shi nan, da bai kore shi ba, wa zai san shi?

Washegari Ciyaman ya iske layi tun daga ƙofar ofis har shagon mai fanka. Mutum goma sha ɗaya, ba hula ko ɗaya. Ya gyara murya, yana shirin karɓar godiya. Na gaba ya durƙusa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, shekarata tara ina maka biyayya. Don Allah a fara korata."