Ranar da Na Gurfanar da Surukin Alƙali

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne wunina na farko a zauren alƙalin Gwaram. Na baro Birnin Kudu da fikihu fal a kai, malaminmu ya turo ni a gwada ko zan iya zama muhuti, wato mai taya alƙali duba hukunci. (Ni da ko a kasuwa ba na iya ɗaga ido in yi ciniki.)

Da hantsi alƙali ya shiga gida, ya ce in kula da zaure. Sai ga dattawa biyu sun yi sallama suna ta musu, ɗaya riƙe da zabo.

"Kai ka sake shi a hanya!"

"Ƙarya kake, Tanko, ɗaurinka ne na banza!"

Na ce a raina, ga masu husuma. Babinsu kuwa a fikihu na haddace shi: a daidaita su a zama, a kallo, a magana. Ban durƙusa ba, ban yi musu sannu da hanya ba. Na janye buzun baƙi, na nuna musu ƙasa. Babban ya miƙo mini goro, na kau da kai.

"Baba, ba a karɓar kyautar mai ƙara. Wa ke da'awa a cikinku?"

Ya dubi ɗan'uwansa. "Tanko, yau mun zo lahira. Ga Walakiri."

Ina cikin tambayar shaidu kan zabon, alƙali ya fito. Sai na ga mutumin da gari ke tsoro ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa, kansa sunkuye. Ashe surukinsa ne da ƙanen surukin, sun taso daga Kwandiko barkar haihuwa.

"Tashi, Malam," in ji tsohon. "Yaronka bai gama da mu ba, saura rantsuwa."

Ban sami muhutancin ba. Alƙali bai yi faɗa ba, sai ya ajiye ni a bakin ƙofa har kaka ta zagayo, aikina gaisuwa da tambayar kowa abin da ke tafe da shi. Ya kuma aika wa malaminmu cewa ɗalibi ya riƙa zama a zauren shari'a tun yana tsakiyar karatu.

Karatun bai yi ƙarya ba, ko harafi ban kuskure ba. Sai dai babin ya fara ne daga inda masu husuma suka riga suka zauna. Yanzu ko mutum ya shigo da jini a goshi, sai na fara tambayarsa mutanen gida.