Sallau Ya Rage wa Mota Nauyi

Wani mutum ne a Funtuwa, Sallau, mai sayar da tsofaffin tayoyi, amma shi a wajensa injiniya ne. Wai in ka gaya masa nauyin mota da ƙarfin dokin injinta, kafin ka haɗiye yawu ya faɗa maka lokacin da za ta cinye tsere.

Wata Lahadi a rumfar mai shayi sai ga Uzairu direba da sabuwar motarsa. Sallau ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bonet, ya taɓe baki.

"Dawakinta da yawa, amma teɓa gare ta. Na raba na buga. Akwalata za ta isa bakin gada kana nan kana neman giya ta biyu."

"Akwalar da sai an tura?" in ji Uzairu.

"Ƙanena, lissafi ne. Nauyi kawai zan rage mata."

Aka sa rago ga wanda ya riga isa. Aka naɗa Malam Bawa mai shayi alƙali.

Sallau ya wuni yana fiɗar mota. Ƙofofi, waje. Safaya, waje. Murfin but, kujerun baya, har kujerar direba ya tumɓuke, ya ɗauko 'yar kujerar tsakar gida ta matarsa ya dasa a gaban sitiyari. Mota ta koma kamar kejin kaji.

Da la'asar unguwa ta cika tsohuwar kwalta. Malam Bawa ya ɗaga tawul, ya sauke.

Sallau ya danne totur iya ƙarfinsa. Fuuu! Mota ta zabura gaba, shi kuwa ya yi baya. Ƙafafu sama, ya gangara ta cikin but, tim a kan kwalta. Kujerar ta wuntsila ta maƙale a kan totur.

Akwala ta ji sakayau. Ta wuce Uzairu kamar an jefa ta, ta tsallake layin bakin gada ba kowa a cikinta, ta je ta soka hanci a tulin yashi.

Can sai ga Sallau ya iso da ɗingishi, wando a yage, takalmi ɗaya a hannu, yana haki.

"Kun gani ko? Lissafina bai taɓa ƙarya ba. Ina ragona?"

Malam Bawa ya gyara tawul a kafaɗa.

"Gaskiya motarka ta zo ta ɗaya, Uzairu na biyu, kai na uku. Rago na Uzairu ne. Amma lissafinka ya yi, Sallau. Ashe duk shekarun nan kai ne nauyin da ya hana baiwar Allah gudu."