Yadda Za Ka Ci Gaba da Zama Injiniya Bayan Faifai Ya Daina Tashe

Idan sana'arka ita ce zuba wa mutane manhaja a kwamfuta da faifan CD, yanzu kuma komai ya koma intanet, kowa ya buɗe shafi ya yi aikinsa ko sallama bai yi maka ba, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin har ka tsufa ba mai kiran ka da sunan yanka. Injiniya Gali na Jakara ya gwada su kaf, a wurinsa na kwaso.

1. Kada ka yarda akwai abu mai sauƙi

Girmanka a jira yake. A da, Gali zai zura faifai, koren layi ya fara rarrafe, mai kwamfuta ya yi tagumi kamar wanda aka shiga da matarsa ɗakin haihuwa. Har abinci ake aiko masa. Don haka duk wanda ya ce maka ai a intanet ake buɗewa, yi masa murmushin tausayi, ka ce, "Wannan na 'yan koyo ne."

2. Samu Alhaji ɗaya ka riƙe shi gam

Nemi wanda bai yarda da abin da ba zai iya riƙewa a hannu ba. Na Gali shi ne Alhaji Mikail, mai shaddoji a kasuwar Kurmi. A majalisarsa ta ƙofar gida a Soron Ɗinki kowa tabarma yake hawa, Injiniya kaɗai ake shimfiɗa wa darduma. Shagon Gali ya mutu, kwastomomi sun watse, dardumar nan ce kawai ta rage masa, kuma yana son ta har cikin ransa.

3. Yi aikin da babu shi

Alhaji ya so a riƙa tsara masa hotunan tallan shadda. Gali ya zaɓo masa tsohuwar laptop, don ita ce mai wurin zura faifai. Ya sa aka kashe fanka, wai iska tana rikita aiki. Ya zura faifai, ya juya wa jama'a baya, ya buɗe shafin intanet ya maƙala alamarsa a fuskar kwamfutar, sannan ya zauna yana sharce gumi har la'asar.

"Da ƙyar ta shiga, Alhaji."

Faifan kuwa, ɗauki duk wanda ya zo hannunka. Wa zai duba?

4. Ba shi faifan ya adana

"Alhaji, ran manhajar yana cikin nan. In ya karce, shi ke nan." Alhaji ya naɗe shi a ƙyallen shadda, ya kai wa uwargidansa Hajiya Turai ta sa a ƙasan adaka, kusa da gwala-gwalanta.

5. In sabis ya ɗauke, kai ma ka ɗauke

Nan ne Gali ya yi sake. Wata Juma'a da yamma majalisa ta cika, Alhaji zai nuna sabon talla, sabis ya ɗauke, shafi ya ƙi buɗewa. Gali na kan dardumarsa yana ɓare gyaɗa.

"Ai da sauƙi, muna da na asali," in ji Alhaji. "A karɓo faifan wajen Hajiya."

"Alhaji, ba a sa shi da yamma," in ji Gali.

"Haba Injiniya, bari yau kowa ya ga aikin gwani."

Alhaji da hannunsa ya zura, da bismilla. Sai kiɗan kalangu ya tashi. Bidiyon bikin Gali ne da matarsa Zuwaira, ga ango a tsakiyar fili, ya tuɓe babbar riga yana tiƙar rawa har da durƙuso.

Kowa ya juyo wajen Gali. Alhaji ya daɗe yana kallo.

"Ashe abin da nake ta lallaɓawa ke nan kada ya karce?" Ya rufe kwamfutar a hankali. "Gali, ɗan ɗaga a naɗe dardumar nan, kada ta yi ƙura."

Kashedi

Ni dai shawara na bayar, ban zura wa kowa faifai ba. In asirinka ya tonu, ban san ka ba, ban san unguwarku ba, kada ka yi min sallama. Mai ƙarin tambaya ya nemi Gali. Har yanzu yana zuwa majalisar, za ka gan shi can ƙarshen tabarma, kusa da takalma.